Tsuntsayen da ke Jikin Battar Taba ta Ƙasar Sin



Tarihin battar taba ta ƙasar Sin ba baƙo ba ne gare ku. Turawa ne suka kai garin tabar shaƙa ƙasar Sin, fadar daular Qing ta karɓe shi a matsayin magani. Akwatin taba irin na Turai ba ya hana danshi shiga, sai aka koma ga 'yar kwalba da tafin hannu ke rufewa, mai toshi da ɗan cokali a jikinsa. Batta ke nan a wurinmu. A 1696 Sarki Kangxi ya kafa ma'aikatar gilashi a fadar Beijing ƙarƙashin wani limamin Kirista Bajamushe, Kilian Stumpf. A zamanin jikansa Qianlong, 1735 zuwa 1796, aikin ya kai ƙololuwa: a niƙa gilashi mai launi, a yi zane da shi a kan tagulla ko farin gilashi, a gasa a wuta har ya kama, dangin fentin da ke jikin langa.

Rigimata da abokan aiki a gidajen tarihi, da masu rubuta littattafan gwanjo, tsohuwa ce. Suna juya batta su duba hatimin sarki a gindinta, su auna tsayinta, su rubuta "tsuntsaye da furanni", su wuce. Wannan daidai yake da a miƙa wa mutum wasiƙa ya yaba kyan tawada, ya naɗe bai karanta ba.

Harshen Sinanci cike yake da kalmomi masu sauti ɗaya, ma'ana daban, kuma da wannan mai zane yake magana. Ku ɗauki salwa. Sunanta yana farawa da "an", sautin da ke nufin zaman lafiya. Zangarniyar gero kuwa "sui" ce, sautinta ɗaya da shekara. Salwa biyu a gindin gero addu'a ce: Allah ya ba da lafiya shekara bayan shekara. Ku cire geron, addu'ar ta gutsure. Balbela "lu" ce, haka ma hanya. Furen bado "lian" ne, haka ma abin da ke zuwa a jere. Balbela ɗaya a cikin bado fata ne ga ɗalibi ya haye jarrabawar shiga aikin gwamnati hawa-hawa ba tuntuɓe. Zakara a gaban furen da ake kira tukkun zakara yana nufin muƙami a kan muƙami, domin tukku da muƙami duk "guan" ne. Agwagwa biyu, miji da mata, na ma'aurata ne.

Ga hujjar da na fi dogara da ita. Ma'aikatan farar hula na daular Qing hawa tara ne, kowane hawa da tsuntsun da ake ɗinka masa a ƙirjin riga. Na ɗaya gauraka, na uku ɗawisu, na huɗu dinya, na shida balbela, na takwas salwa. Mutanen da ke sanye da waɗannan riguna su ne ke musayar battoci a matsayin kyauta. Wanda kullum yake gane matsayin ɗan'uwansa da tsuntsun ƙirjinsa, yaya za a ce an ba shi batta mai gauraka ya ga ado kawai? Ya ga fatan tsawon rai, ya kuma ga hawa na ɗaya.

Wasu na cewa masu zanen battoci a birnin Guangzhou kwaikwayon zane kawai suke yi don kasuwa. Ko da haka ne, mai saye ya san abin da ya zaɓa, kuma haɗin salwa da gero bai taɓa zama dace kawai ba.

Shawarwarina uku ne, na kuma daɗe ina maimaita su. Duk takardar bayani da ke gaban batta ta ɗauki sunan tsuntsu da na tsiro da Sinanci, da yadda ake furta su, da abin da haɗinsu ke faɗa. A jera kayan bisa saƙonsu: na aure, na jarrabawa, na tsufa. Sannan ɗalibin da zai rubuta kundi a kan fasahar Sin ya fara koyon harshen, domin wanda bai ji sautin "an" ba, salwa kawai zai gani.