Kafin Mu Ɗauki Kwamfuta Zuwa Wurin Mai Gyara

Jawabin da aka gabatar a taron wata-wata na reshe



An nemi mu yi ɗan bayani a kan abin da ya same mu a zangon da ya gabata, mu malaman aji shida, domin wataƙila wani ya amfana. Saura kwana biyu a rufe rijistar jarrabawar shiga sakandare, muka taru da yamma a gidan ɗaya daga cikinmu don mu shigar da sunayen yaranmu a kwamfutarsa. Muka buɗe burauza, wato manhajar da ake shiga shafukan intanet da ita, sai ta ƙi buɗe shafin, ta fito da gargaɗin cewa hanyar ba ta da tsaro. Muka gwada wasu shafukan, duk kanwar ja ce. Da muka kira mai gyara a waya, sai ya ce a kawo ta ya yi mata fomatin. Alhali kuwa a cikinta ne makin yara na shekara uku yake, da tambayoyin jarrabawa, kuma babu kwafinsu a ko'ina.

Allah ya taimake mu ba mu kai ta ba. Wata malama a cikinmu ta lura da kusurwar allon, ta ga kwanan watan ya koma shekarar 2010. Da muka gyara shi, nan take shafin ya buɗe. Daga ranar muka ɗauki darasi guda: a binciki burauza yadda muke binciken yaron da ya kasa karatu. Ba ma yanke masa hukuncin daƙiƙanci a rana ɗaya. Mukan duba ko yana ganin allo, ko yana jin malami, ko ya karya kumallo, ɗaya bayan ɗaya. Haka ita ma: abu ɗaya a lokaci ɗaya, daga mai sauƙi zuwa mai wuya.

Da farko mu tabbatar laifin na burauzar ne. Mu duba ko data ba ta ƙare ba, ko wayar da muke raba intanet daga gare ta ba ta yanke ba. Sa'an nan mu buɗe wannan shafin a waya. Idan a wayar ma ya ƙi, alhali sauran shafuka suna buɗewa, to matsalar daga can take, kuma sau da yawa cunkoso ne na ranakun ƙarshe. Babu abin da za mu taɓa a kwamfutarmu da zai gyara wannan, sai haƙuri da sake gwadawa da asuba.

Na biyu shi ne agogo, kuma a nan za mu ɗan tsaya. Kowane shafi mai tsaro yana da takardar shaida wadda ke ɗauke da ranar fara aiki da ranar ƙarewa, kamar katin shaidar ma'aikaci. Burauza ita ce mai gadin ƙofa: takan gwada waɗannan ranaku da agogon kwamfuta. Idan agogon ya ce muna 2010, takardar da aka bayar bana za ta zama a wurinta wadda lokacinta bai zo ba, sai ta hana shiga. Abin da ke riƙe wa kwamfuta lokaci idan tana kashe shi ne wani ɗan batiri mai kama da kwabo, galibi samfurin CR2032 mai ƙarfin volt 3. Yawancinmu kwamfutocin hannu muka saya, waɗanda batirin nan nasu ya daɗe da tsufa. Idan mun gyara kwanan wata ya sake komawa baya bayan an kashe ta, batirin ne ya mutu, kuma shi kaɗai za a canza.

Na uku, idan agogo daidai yake amma shafi yana fitowa a hargitse, ko ya ƙi karɓar kalmar sirri, mu buɗe tagar sirri. A Chrome da Edge ana danna Ctrl da Shift da N tare. A Firefox kuwa Ctrl da Shift da P. Wannan taga ba ta amfani da tsofaffin bayanan shiga da burauza ta adana, kuma bisa al'ada ba ta tafiya da ƙananan manhajojin da aka liƙa wa burauza. Idan shafin ya buɗe a nan lafiya, mun kama ɓarawon: ko dai tsohon ajiya ne, ko ɗaya daga cikin manhajojin nan. Don share ajiyar, sai a danna Ctrl da Shift da Delete, a zaɓi kukis da hotuna da fayilolin wucin gadi. Mu yi hattara kada mu haɗa da kalmomin sirri, kuma mu san cewa share kukis zai fitar da mu daga shafukan da muka shiga, sai mun sake shiga. Ƙananan manhajojin kuwa, a kashe su duka, sa'an nan a riƙa kunna su ɗaya ɗaya har mai laifin ta bayyana. Kwamfutar gida ta kowa ce, yara sukan sauko da wasanni, wasu kuma sukan zo da 'yan rakiya masu sauya shafin farko da cika allo da talla.

Na huɗu shi ne tsufa. Kamfanin Microsoft ya daina kula da Windows 7 tun Janairun 2020, kuma Chrome na ƙarshe da ke aiki a kanta shi ne na 109, wanda ya fito a Janairun 2023. Windows 10 ma wa'adinta na yau da kullum ya cika a Oktoban 2025. Shafuka suna ci gaba, tsohuwar burauza tana tsaye wuri ɗaya, sai wata rana su daina fahimtar juna. Wanda kwamfutarsa ke karɓar sabuntawa ya sabunta burauzarsa. Wanda tasa ta tsaya a Windows 7 ya fara shirin ɗaga ta, kuma ya guji yin harkar banki da ita. Idan kuwa nauyi ne kawai da maƙalewa, mu rage shafukan da muka bari a buɗe, mu kashe kwamfutar mu sake kunnawa; mai ƙwaƙwalwar gigabait 4 ba ta ɗaukar shafi ashirin a lokaci guda.

Akwai gargaɗi iri biyu da ya kamata mu bambance. Wanda burauza ta yi kafin shafi ya buɗe, game da tsaro, kada mu tsallake shi mu shigar da lambar katin banki ko bayanan yara. Amma saƙon da ya faɗo daga cikin wani shafi yana ƙara, yana cewa ƙwayar cuta ta kama kwamfuta, a danna nan ko a kira wata lamba, wannan tarkon 'yan damfara ne. A rufe shafin kawai.

Idan duk mun bi waɗannan ba a dace ba, to lokacin mai gyara ya yi, kuma sana'arsa ce, ba mu raina ta ba. Sai dai kafin mu miƙa masa, mu kwafe takardunmu a filash, mu fita daga imel da sauran shafukan da muka shiga, mu gaya masa abin da muka riga muka gwada, kuma kada a yi fomatin sai da izininmu. Sunayen yara da hotunansu da ranakun haihuwarsu amana ce a hannunmu.

A ƙarshe muna roƙon shugabannin makarantu da a riƙa gwada kwamfuta da shafin rijista mako biyu kafin ranar rufewa, domin ba a fafe gora ranar tafiya. Duk wanda yake so mu bi matakan nan tare da shi, ya zo da kwamfutarsa taro mai zuwa, za mu tsaya bayan an tashi.