Jawabi ga masu zuwa Najeriya: kalmomin Ingilishi na raba mutum da kayansa

Jawabin yau na masu ƙetare iyaka ne: masu bi ta Ɗan Isa zuwa Jibiya, ko ta Ƙwanni zuwa Illela, ko ta Matamaye zuwa Daura. Can, da Hausa ake ciniki. Amma takardar hukuma da Ingilishi ake rubuta ta. In mutum ya rasa kayansa, kalmar da aka rubuta ita ke nuna wanda ya karɓe su.

Steal, a ce "sitil", ita ce sata a ɓoye. Rob kuwa fashi ne, da ƙarfi ko da makami. Nan akwai abin lura. Sunan abin da aka ɗauka shi ke bin steal: akuya, keke, kuɗɗi. Wanda aka tare shi ke bin rob. Hausa ma haka ta yi: an saci akuya, an yi wa mai akuya fashi. Mai kai ƙara wurin ƴan sanda ya rarrabe su, don hukuncin ɗan fashi ya fi na ɓarawo nauyi ƙwarai. Snatch, wato fizge a gudu, sananne ne a tashar mota.

Sauran kalmomin na hukuma ne, su ne suka fi damun ƴan kasuwa. Ma'aikatan duwan, da ake ce wa kwastan can, ba su rubuta steal. In takarda ta ce detained, an tsare kaya ne ana bincike. Mai kaya ya yi hamzari ya kawo shaidar biyan kuɗɗin fito. In ta ce seized, a ce "sizd", an kama kayan bisa zargin taka doka, magana ta yi nauyi, tana iya kai kotu. Da Najeriya ta rufe iyakokinta daga Agusta 2019 zuwa Disamba 2020, buhunan shinkafa masu yawa sun sha wannan kalma. Mafi muni ita ce forfeited ko confiscated: kaya sun zama na gwamnati, da wuya su komo.

Ɓarawo dai ba ya ba da takarda. To, in ma'aikaci ya karɓi kaya, mai su ya nemi takarda mai hatimi da kwanan wata. Kada ya dangwala hannu sai wanda ya yarda da shi ya karanta masa ita.