BULALA TSORO TAKE KOYARWA, BA LADABI BA

A ranar Asabar ɗin da ta gabata ne 'yan'uwa matasa masu koyarwa a makarantun Islamiyya na Unguwar Sarki, Badarawa da Kawo suka taru a harabar wata makaranta da ke kusa da Masallacin Sultan Bello a Kaduna, domin sauraron jawabi a kan gyaran halayen ɗalibai. Wanda ya gabatar da jawabin wani dattijon malami ne da ya daɗe yana koyar da kurame da sauran yara masu buƙata ta musamman. Ga abin da jawabin ya ƙunsa.

Bayan sallama da salati, Malam ya nemi duk wanda ya taɓa shiga aji da bulala a hannu ya ɗaga yatsa. Kusan kowa ya ɗaga. Sai ya ce shi ma ya ɗaga nasa, domin kuwa a farkon koyarwarsa akwai wani yaro da ya riƙa zanewa kusan kullum saboda in an kira shi ba ya amsawa, in an ba da umarni sai ya yi wani abu daban. Sai da aka shekara kafin a gano ashe yaron ba ya ji sosai, zazzaɓi mai tsanani ne ya taɓa masa kunne tun yana ƙarami. Malam ya ce har yau in ya tuna yaron nan sai ya yi istigfari, don shekara guda ya yi yana hukunta shi a kan laifin da bai aikata ba.

Daga nan ya tunatar da 'yan'uwa abin da ya faru a nan Kaduna a watan Satumba na 2019, lokacin da 'yan sanda suka shiga wani gida a Rigasa suka fito da mutum fiye da 300, manya da yara, wasu da mari a ƙafa, jikinsu duk tabon duka. A watan Oktoba na shekarar aka sake gano irin wannan gida a Daura. Ya ce abin da ya kamata ya tsaya wa kowa a rai shi ne, da yawansu iyayensu ne suka kai su da hannunsu, da sunan a gyara musu hali. Ya ce kada wani ya ɗauka gidan mari daga sama ya faɗo. Tunani ɗaya ne ya haife shi da bulalar aji, wato in dukan jiya bai yi aiki ba, to a ƙara na yau.

Malam ya ce masana sun daɗe suna bincike a kan wannan al'amari, kuma darasi na farko shi ne ruwa ba ya tsami banza. A 1985 wasu masana biyu a Amurka, Edward Carr da Mark Durand, sun lura da yara masu naƙasar ƙwaƙwalwa waɗanda ke duka, ihu ko cutar da kansu a aji. Suka gano cewa wasu suna yin haka ne in aikin ya yi musu wuya, wasu kuma in malami ya daina kula su. Da aka koya musu yadda za su nemi taimako ko kulawa da baki, sai rigimar ta ragu ƙwarai. Saboda haka, in ji Malam, kafin malami ya tambayi bulala nawa zai yi, ya fara tambayar kansa me yaron nan yake nema, ko me yake gudu. Yaron da ke tayar da fitina duk lokacin da aka zo biya hadda, mai yiwuwa bai iya ba ne, kuma ya gwammace a kore shi waje da a yi masa dariya. In ka kore shi, ka ba shi abin da yake so, gobe ma zai sake.

Darasi na biyu, ya ce, shi ne duka yana koya wa yaro ɓoye laifi ne, ba barinsa ba. Ya kawo binciken da Victoria Talwar da Kang Lee suka wallafa a 2011, wanda aka yi a wasu makarantu biyu a nan Afirka ta Yamma, ɗaya ana duka, ɗaya ba a yi. An bar yara 'yan shekara uku zuwa huɗu su kaɗai a ɗaki da abin wasa a bayansu, aka ce kada su waiga. Mafi yawansu a makarantun biyu sun waiga. Amma da aka tambaye su, 'yan makarantar duka sun fi yin ƙarya, sun kuma fi iya kare ta. Malam ya ce wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu, don Ibn Khaldun, wanda ya rasu a 1406, ya ware babi a Muƙaddimarsa yana bayanin cewa tsananta wa ɗalibi yana jefa shi cikin kasala, ƙarya da yaudara.

Sai ya juya ga abin yi. Ya ce ladabi darasi ne kamar tajwidi, ba a dukan yaro a kan hukuncin da ba a koya masa ba. Malami ya zaɓi dokoki uku ko huɗu kacal, ya faɗe su ta fuskar abin da ake so a yi, ya gwada wa yara yadda ake shiga aji, yadda ake neman izini, yadda ake riƙe littafi, a maimaita har ya zauna. Sannan ya buɗe ido ya kama yaro yana yin daidai, ya yaba masa nan take, ya ambaci abin da ya yi. Ya ce yawancinmu ba mu san sunan yaro ba sai ranar da ya yi laifi.

Ya kuma bayyana wata dabara da aka fara gwadawa a jihar Kansas a 1969. Ana raba aji gida biyu, duk wanda ya karya doka a yi wa rukuninsa zane ɗaya a allo, rukunin da zanensa bai wuce adadin da aka yanka ba ya sami ɗan tukuici, kamar fara fita tara, kuma duka biyun suna iya cin nasara. A birnin Baltimore an gwada ta a kan 'yan aji ɗaya a tsakiyar shekarun 1980, aka bi yaran har suka kai shekara 19 zuwa 21, sai aka ga shaye-shaye ya yi ƙaranci a cikin waɗanda aka yi wa dabarar, musamman maza da suka taso da rigima. Malam ya ce duk mai ganin halin da samarinmu suke ciki da ƙwaya ya san wannan ba ƙaramar magana ba ce.

A lokacin tambayoyi wani ɗan'uwa ya ce wannan duk na Turawa ne masu yara kaɗan a aji, shi kuwa yara sun fi tamanin a gabansa. Malam ya ce tambayar tana kan hanya, amma a duba Uganda. A gundumar Luwero an yi gwaji a makarantun firamare 42, rabi aka horar da malamansu hanyoyin ladabtarwa ba duka, rabi aka bar su yadda suke. Sakamakon da ya fito a 2015 ya nuna kashi 49 cikin 100 na ɗaliban makarantun da aka bari sun ce ma'aikacin makaranta ya dake su a makon da ya wuce, a ɗaya ɓangaren kuwa kashi 31. Ya ce dukan bai ƙare ba, amma ya ragu, kuma su ma ba masu wadata ba ne. Ya ƙara da cewa barin bulala ba barin hukunci ba ne, wanda ya ɓata wuri ya share, wanda ya zagi ɗan'uwansa ya ba shi haƙuri a gaban jama'a.

Game da yara masu lalura, ya roƙi 'yan'uwa da su riƙa zaunar da mai raunin ji ko gani a sahun gaba, su fuskanci kurma in suna magana, su koyi ko da kaɗan ne daga maganar hannu, kuma in suka ga alamar lalura su gaya wa iyaye a kai yaro asibiti. Ya tunatar cewa tun Janairun 2019 akwai dokar tarayya da ta haramta nuna wa masu naƙasa bambanci.

A ƙarshe ya tuna wa mahalarta cewa Anas ɗan Malik ya yi wa Manzon Allah (S) hidima shekara goma tun yana yaro, bai taɓa jin tsawa daga gare shi ba. Ya nemi kowane malami ya ajiye bulalarsa a gida na mako biyu, ya rubuta sunan yaro ɗaya da ya fi ba shi wahala, ya lura da lokacin da rigimarsa ke tashi da abin da ke biyo baya, a zo da shi zama na gaba. An rufe taro da addu'a gab da sallar Magariba.