Kumburin jijiyar ƙwaƙwalwa: wa zai biya kuɗin aikin?

Yau maganar lafiya za mu yi, amma ta ɓangaren aljihu.

Akwai wata cuta da likitoci ke kira anurizim. Wato bangon jijiyar jini a cikin ƙwaƙwalwa ne ke yin rauni ya kumbura, kamar yadda tsohon tiyub ɗin keke ke yin ƙulu a gefe guda. Kusan mutum 3 cikin 100 na manya suna ɗauke da shi ba su sani ba, kuma galibinsu har su koma ga Allah ba zai fashe ba. Amma ranar da ya fashe, ciwon kai ne zai zo farat ɗaya, irin wanda mutum bai taɓa ji ba, kamar an maka masa taɓarya a ƙeya. Ga amai, ga sanƙarewar wuya, wani ma ya suma. A gida sai ka ji ana cewa jifa ne ko iska, alhali jini ne ke zuba a cikin kai.

To, hanya biyu ake bi a toshe wurin. Ta farko tsohuwa ce: a buɗe ƙoƙon kai, a sa ɗan ƙarfe a matse wuyan kumburin. Wani likita Ba'amurke, Walter Dandy, shi ya fara yin haka a 1937. Ta biyu ba a buɗe kai. Siririyar roba ake zurawa ta jijiyar matsematsi har ta kai ƙwaƙwalwa, sannan a cusa zaren ƙarfen filatinam ya cika kumburin, jini ya daskare a ciki. Wannan kuma Guido Guglielmi, ɗan Italiya, ya kawo ta a farkon shekarun 1990.

Wace ta fi? A 2002 aka fitar da sakamakon wani babban bincike mai suna ISAT, wanda likitocin Oxford ta Ingila suka jagoranta, a kan majinyata 2,143. Bayan shekara guda, waɗanda aka buɗe musu kai kusan kashi 31 cikin 100 sun rasu ko sun nakasa, na zare kuwa kusan kashi 24. Daga nan asibitocin gwamnatin Birtaniya suka karkata ga zaren. Abin da ya fi jan hankalina shi ne lissafin kuɗin da aka yi daga baya. Zaren ya fi ƙarfen matsi tsada nesa ba kusa ba, amma mai zare ba ya daɗewa a gadon asibiti, kuma can kwanan asibiti da albashin ma'aikata su ke cin kuɗi. Da aka tara duka, sai aka ga kusan kunnen doki ne. Kuma ku lura, duk wannan lissafin gwamnati ke yi wa kanta. Majinyaci ba ya biyan sisi.

Yanzu ku ɗauko lissafin nan ku kawo shi Najeriya, sai ya juye. A nan kwanan gado bai kai na can tsada ba, amma zare da robar da ake zura shi duk daga waje suke zuwa, da dala, kuma sau ɗaya ake amfani da su. Kumburi guda yakan ci zare da yawa. Ga injin ɗaukar hoton jijiyoyi da ba kowane asibitin koyarwa ke da shi ba, ga wuta da ba a so ta ɗauke ana tsakiyar aiki. Sannan fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa kan lafiya a ƙasar nan daga aljihun mutane yake fita. Kun san fassarar wannan: a sayar da gona, a sayar da ɗankunnen zinariya, a zaga da faifai masallaci. Ga shi ciwon ba ya jiran a haɗa kuɗi, don hatsarin sake fashewa ya fi yawa a rana ta farko.

Kuma aikin ba shi ne ƙarshen kashe kuɗi ba, wannan mutane da yawa ba su sani ba. Daga wajen kwana 3 zuwa 14 jijiyoyin kan iya tsukewa su jawo shanyewar jiki, shi ya sa ake ba da maganin nimodifin duk bayan awa 4 har kwana 21, majinyaci yana ɗakin kulawa ta musamman. Bayan sallama ga gashin jiki, ga magidancin da wataƙila ya yi watanni bai koma kasuwa ba.

Ni a ganina, in gwamnati na da kuɗi kaɗan, kada ta fara da injin da ya fi ƙyalli. Ta fara da hoton CT mai aiki dare da rana, da gadajen kulawa ta musamman, da likitocin da suka ƙware a matsi, tunda akwai inda za a ɗora, kamar cibiyar tiyatar ƙwaƙwalwa da ke asibitin koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a Sakkwato. Sannan dokar inshorar lafiya ta 2022 da ta ce kowa dole ya shiga, ta ɗauki wannan aiki gaba ɗayansa, a yi wa mutum tukuna kafin a tambayi rasit.

Mu kuma abin da ke hannunmu: hawan jini da taba sigari su ne kan gaba wajen jawo fashewar. A riƙa awon jini, mai magani ya daure ya sha. Wanda kuma irin ciwon kan nan ya same shi, kada a tsaya kemis, a wuce da shi asibitin da ke da hoton CT a ranar.