Tsare Mutum Kafin Shari'a: Abin da Doka Ta Ce da Abin da Ake Yi



Wannan lacca za ta yi magana ne a kan mutumin da aka kama, aka kai shi kurkuku, alhali kuwa babu alƙalin da ya same shi da laifi tukuna. Irin waɗannan mutane ba kaɗan ba ne. Shekara da shekaru ke nan ƙididdigar hukumar gidajen yari ta Nijeriya tana nuna cewa kimanin kashi biyu cikin uku na waɗanda ke tsare jiran shari'a suke yi. Watau a cikin kowane mutum uku da gandiroba ya ƙirga da safe, ɗaya ne kaɗai aka yanke wa hukunci.

Da farko ya kamata a duba abin da Tsarin Mulki na 1999 ya tanada. Sashe na 36 ya ce duk wanda ake tuhuma ana ɗaukarsa marar laifi har sai an tabbatar da laifin a kansa. Sashe na 35 kuwa ya wajabta a gabatar da wanda aka kama gaban kotu cikin kwana ɗaya, idan akwai kotun da ta dace a tsakanin kilomita 40, ko cikin kwana biyu idan ta fi haka nisa, sai fa in kotu ta ga hujjar ƙarin lokaci. Idan wata biyu ya wuce yana tsare ba a yi masa shari'a ba, tilas a sake shi, da sharaɗi ko babu. Wanda aka tsare ba bisa ƙa'ida ba yana da hakkin diyya, kuma hukuma ta nemi gafararsa a bainar jama'a.

To, ta ina ruwa ya shigo? Wannan sashe na 35 ya ware wanda ake zargi da laifin da hukuncinsa kisa ne, kamar kisan kai da fashi da makami, ya ce iyakar lokacin nan ba ta shafe shi ba. Ta wannan ƙofa ce wata al'ada ta samu gindin zama. 'Yan sanda sukan kai mutum gaban majistare da tuhumar fashi, sun kuwa san majistare ba shi da hurumin jin irin wannan ƙara, sai Babbar Kotu. Majistare ba zai yi shari'ar ba, ba zai kuma ba da beli ba. Sai ya ce a ajiye mutumin a kurkuku har Daraktan Gabatar da Ƙararraki na Ma'aikatar Shari'a ya ba da shawara.

Daga nan sai jira. Wani lokaci fayil ba ya barin caji ofis. Wani lokaci a yi wa ɗan sanda mai bincike canjin wurin aiki, wanda ya gaje shi bai san da maganar ba. Wani lokaci shawara ta fito cewa babu hujja, amma takardar ta kwanta a tebur. Ran zaman kotu kuma a ce babu mota. Ta haka kwanaki ke zama shekaru. A 2007 Kotun Ƙoli ta yanke cewa majistare yana da ikon ba da umurnin tsarewa a ƙarƙashin dokar Jihar Legas, amma wannan bai halatta a manta da mutum ba. Shi ya sa a 2012 Kotun Ƙungiyar Ƙasashen Afirka ta Yamma da ke Abuja ta sami Nijeriya da laifi game da wani mutum da aka tsare a Legas tun 2003 ba tare da shari'a ba, ta umurta a sake shi.

Ɓarnar da ke cikin wannan ba ta tsaya ga wanda aka tsare ba. Aikinsa ya tafi, gonarsa ta zama saura, 'ya'yansa sun bar makaranta. Wanda aka zalunta tun farko shi ma bai tsira da kome ba, domin kafin a fara shari'a shaidu sun watse, wasu sun rasu. Sa'an nan idan wanda ke tsare ba shi ne ya aikata ba, ainihin mai laifin yana nan yana yawo a gari.

Ba a zauna ba a yi kome ba. A 2015 aka kafa Dokar Gudanar da Shari'ar Laifuka ta Tarayya, jihohi kuma suka yi nasu, Kaduna a 2017, Kano a 2019. Dokar Tarayya ta ƙayyade umurnin tsarewa ga kwana 14 a karo na farko, ana iya ƙara wasu 14 idan an kawo dalili. Bayan haka kotu za ta kira hukumar 'yan sanda da Antoni Janar su bayyana abin da ya hana a saki mutumin. In sun kasa, a sallame shi. Dokar ta haramta kama uba ko mata a madadin wanda ake nema, ta haramta kama mutum saboda bashi ko saɓa yarjejeniyar ciniki kawai, ta kuma tabbatar da cewa mace tana iya tsaya wa mutum beli. Bugu da ƙari ta ɗora wa majistare ziyarar caji ofis aƙalla sau ɗaya a wata, ya duba littafin kamu, ya ga waɗanda ke rufe.

Wasu dokoki sun biyo baya. A 2017 aka mai da azabtar da wanda ake tuhuma laifi mai zaman kansa. A 2019 aka sake wa hukumar gidajen yari suna da tsari, aka kuma ba shugabanta na jiha ikon ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika ya batse, bayan ya sanar da Babban Jojin Jiha. A 2023 aka gyara Tsarin Mulki yadda jihohi ma za su iya kafa nasu gidajen. Akwai kuma tsofaffin tanade-tanade: tun 1976 aka kafa hukumar ba talaka lauya kyauta, tun 1977 kuma Babban Joji yake da ikon shiga kurkuku ya saki wanda ya ga an tsare ba bisa ƙa'ida ba.

Ashe ke nan ba ƙarancin doka ne ciwon ba. Doka a takarda kamar iri ne a rumbu, sai an kai shi gona yake amfani. Kwana 14 ɗin nan ba za su ƙirga kansu ba, sai rajistaran kotu ya rubuta ranar dawowa, ya tuna wa alƙali. Shawarar lauyan gwamnati ba za ta yi ƙafa ta je kurkuku ba, sai akawu ya buga, masinja ya kai. Ziyarar wata-wata ba ta yiwuwa sai jami'in kuɗi ya sa man mota cikin kasafi. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙaramin aiki ne, amma 'yancin mutum a kansu yake rataye.

Saboda haka wajibi ne kowace kotu ta riƙe rajistar waɗanda ta tura jira, da ranar da umurnin kowa zai ƙare. Wajibi ne Ma'aikatar Shari'a ta sa wa kanta wa'adin ba da shawara, ta kuma cika shi. Ɗaliban shari'a su ma suna da rabonsu, domin mai ziyartar kurkuku da alƙalami da takarda yakan gano wanda kowa ya manta. Hausawa sun ce hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ma'aikacin da fayil ya zo teburinsa ya tuna cewa a bayan wannan takarda akwai mutum mai ƙirga kwanaki, da iyali masu jiran dawowarsa.

Allah ya sa a gyara. Wassalam.