Ranar Wanka Ba A Ɓoyon Cibi: Yadda Za Ki Gabatar da Kanki a Wurin Neman Aiki



Hajiya shugaba, sakatariya da ma'ajiya, malamanmu na ajin yaƙi da jahilci, iyayenmu da mazajenmu da suka bar harkokinsu suka zo, 'yan'uwana mata, da 'ya'yanmu da ke zaune can baya, barkanmu da ganin zagayowar ranar da aka kafa wannan ƙungiya tamu. Allah Ya maimaita mana.

Da kwamiti ya ce in yi magana yau, sai na zaɓi abin da ya shafi kusan kowane gida a cikinmu. Yawancinmu da kuɗin adashi da ribar ƙuli-ƙuli da ɗinki muka biya wa yara kuɗin jarrabawar WAEC da NECO. Wasu sun yi NCE, wasu difloma, wasu har sun gama bautar ƙasa. To, sai a kira yarinya intabiyu, ta shiga, a ce mata ta faɗi ko ita wace ce, ta sunkuyar da kai tana wasa da bakin mayafi. Minti biyar an sallame ta. Ta san aikin, takardunta kuma suna da kyau, amma an bai wa wata. Wahalar shekara goma sha ta tsaya a bakin ƙofa saboda maganar minti biyu.

Kuma kada mu ce matsalar yara ce kaɗai. Mu ma manya ana kiranmu. Mai neman aikin dafa abincin 'yan makaranta, mai neman aikin shara a asibiti, mai son shiga aikin allurar rigakafi gida-gida, mai son riƙe na'urar POS, har mai neman rance a ƙaramin banki, kowacce sai ta zauna gaban wani ta yi bayanin kanta.

Ni 'yar kasuwa ce, atamfa da leshi nake sayarwa, kuma nakan ɗauki yara masu taya ni. Saboda haka na sha zama a kujerar mai tambaya. Bari in faɗa muku abin da ke zuciyar mai ɗaukar aiki. In ya ce ki gabatar da kanki, ba tarihin zuriyarku yake nema ba. Abu biyu yake aunawa: za ki iya aikin nan, kuma za a iya barin ki da kaya da kuɗi a juya baya? Duk abin da za ki faɗa, ya zama yana amsa ɗaya daga cikin biyun nan.

Wannan ma'auni ba sabo ba ne. A Suratul Ƙasas, lokacin da Annabi Musa, alaihis salam, ya isa Madyana ya shayar wa 'yan mata biyu dabbobinsu, ɗayarsu ce ta ba mahaifinta shawara ya ɗauke shi aiki, kuma dalili biyu ta kawo: ƙarfi da amana. Har yau su ake nema, daga shagon Kantin Kwari har ofishin gwamnati.

Na san abin da wasu za su ce: ai yabon kai jahilci ne. Haka ne, kuma haka aka tarbiyyantar da mu. Amma cika baki daban, bayani daban. Annabi Yusuf, alaihis salam, da bakinsa ya nemi sarkin Masar ya ɗora shi a kan rumbunan ƙasar, ya kuma bayyana cewa shi mai tsarewa ne, masani. Ya faɗi abin da ya iya ne a wurin da ake buƙatar a sani. Mu kanmu a kasuwa, in mai saye ya tsaya gaban rumfa, shiru muke yi? Ai warware turmin muke, mu ce taɓa ki ji, wannan ba ta zuba. In gaskiya muka faɗa, ba wanda zai ce mun yi alfahari. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

To, yaya za ki tsara maganar? Ki raba ta gida huɗu, duka kada su wuce minti biyu.

Na farko, sunanki da inda kike. Ki faɗi cikakken suna yadda yake a takardunki, ba sunan da ake kiranki a gida ba. In a unguwa an san ki da Ladidi ko Maman wane, a nan sunan yanka da na mahaifi ake so. Ki ɗaga murya yadda na ƙarshen tebur zai ji.

Na biyu, abin da kika karanta ko kika koya. Ki fara da mafi girma, ba sai kin taso tun daga firamare ba.

Na uku, abin da kika taɓa yi da hannunki. Nan ne ƙashin bayan maganar, kuma nan ake yawan faɗuwa. Kowa yana cewa "ina da ƙoƙari, ina da haƙuri, ina da gaskiya." Mai tambaya ya ji wannan sau ashirin kafin ki shigo. Ki ba shi abin da zai iya ƙirgawa ko ya bincika. Kin yi shekara nawa? Mutum nawa? Kuɗin wa kika riƙe?

Na huɗu, abin da ya sa kike son wannan wurin, da abin da za ki yi musu. Wannan yana nufin tun kafin ranar kin bincika me suke yi, su wa suke hulɗa da su, ƙarfe nawa suke buɗewa.

Bari in kwatanta. A ce 'yarki tana neman koyarwa a wata makarantar kuɗi. Sai ta ce: "Sunana wance 'yar wane, ina zaune a unguwa kaza. Ina da NCE a fannin Lissafi. Na yi koyon aikin koyarwa a aji huɗu na firamare, kuma shekara biyu ke nan ina yi wa yara goma sha biyu darasin yamma a gidanmu. Ina kusa da makarantar nan, zan iya isowa kafin bakwai da rabi, kuma ina so in taimaka wa yaran da lissafi ke ba su tsoro." Kun ji? Ba ta ce ita gwana ba ce, amma duk wanda ya saurara ya gane.

Yanzu ga tamu, mu da ba mu da manyan takardu. Ina roƙon ku, kada wata ta sake buɗe baki a gaban mai ɗaukar aiki ta ce "ni ban yi boko ba, ba abin da na iya." Matar da ta dafa abincin bikin mutum ɗari biyu bai ƙone ba, bai kuma gaza ba, ta iya lissafi da tsari. Matar da ta yi uwar adashin mata talatin, kowacce ta ɗauki kwasarta a kan lokaci, ta riƙe amanar da ko ma'aikacin banki zai jinjina mata. Sai ki ce: "Shekara shida ina sayar da abinci a bakin tasha. Ni ke cefane, ni ke rubuta abin da ya shiga da abin da ya fita. Ina aji biyu a makarantar manya, ina karanta Hausa, ina rubuta lambobi." Kada ki ɓoye zuwa ajin manya. Tun 1980 aka kafa Hukumar Ilimin Manya a jihar Kano domin irinmu, kuma macen da ta koma aji da furfura a kanta ta nuna cewa za a koya mata sabon abu ta ɗauka. Wannan shi ne abin da mai aiki yake so.

Sai maganar kunya. Kunya ado ce, ba na cewa a yar da ita. Amma wanda ke tambayarki zai iya zama daga wani yanki inda sunkuyar da kai ke nufin rashin sani ko ɓoye wani abu. Ki yi sallama ko gaisuwa, ki jira a ce ki zauna, ki zauna sosai ba a ɗofane ba. Ba sai kin ƙura wa mutum ido ba, amma ki ɗaga fuska ki dubi wajen mai magana. Ki ɗan saki fuska, domin shimfiɗar fuska ta fi ta tabarma. Tufafi masu tsabta da guga sun isa, ba ranar gwal da kwalliyar biki ba ce. Waya kuwa a kashe ta tun daga waje.

In da Turanci ake tambaya, ki yi gajerun jimloli waɗanda kika tabbata da su. In ba ki gane tambaya ba, ki roƙa a maimaita. In aikin da jama'ar gari za a yi shi, ki faɗa musu Hausarki ta nuna, in kina jin Fulatanci ko Barbarci ko Larabci ki ƙara. Harshe ma jari ne.

Kada ki yi ƙarya. In an ce kin iya kwamfuta alhali waya kawai kika iya, ki ce kin iya tura saƙo da tura kuɗi ta waya, kwamfuta kuma a shirye kike ki koya. Ramin ƙarya ƙurarre ne, za a iya ajiye miki na'urar nan take a ce bismillah. Haka kuma kada ki zagi inda kika baro. Ni in yarinya ta zo tana kushe tsohuwar uwar ɗakinta, na san gobe ni ce a bakinta.

Maganar albashi, ki bari su fara tayar da ita. Amma ki je da saninki. Tun 2024 mafi ƙarancin albashi a dokar Najeriya naira 70,000 ne, sai dai dokar ba ta hau kan wurin da ma'aikatansa ba su kai 25 ba, shi ya sa ƙananan shaguna da makarantu da yawa ke biyan ƙasa da haka. Ki lissafa kuɗin adaidaita na wata tun daga gida, don kada ki amsa abin da zai ƙare a hanya.

Takardu kuma a haɗa su tun ana saura kwanaki: takardar haihuwa, ta shaidar ƙaramar hukuma, sakamakon jarrabawa, lambar NIN, da hotuna ƙanana. A tafi da na asali da kwafi. A duba ko sunan da ranar haihuwa sun zo ɗaya a ko'ina. In nan an rubuta Aisha, can Aishatu, can kuma an juya sunan uba da na kaka, a gyara tun da wuri, ko a yi takardar rantsuwa a kotu. A fita da wuri, a isa da rabin awa a hannu. Da sanyin safiya ake kama fara.

Akwai gargaɗi da ba zan zauna ban yi ba. Duk wanda ya ce ki kawo kuɗi ya saya miki gurbin aiki, ki kiyaye shi, an cinye wa mutane jari ta wannan hanya. Duk wanda ya bugo waya yana neman lambar sirrin katinki na banki, ko lambar da banki ya turo miki ta saƙo, ɓarawo ne. Kuma intabiyu a wurin aiki ake yin ta da rana. Wanda ya ce ki same shi a otal ko a gidansa da yamma, ba aiki zai ba ki ba. Ki faɗa wa na gida inda za ki, in da hali a raka ki.

Iyayenmu maza da mazajenmu, ga naku. In za a bar mace ta nemi aiki, a gama shawara tun kafin ta tafi: wa zai riƙe yara, ƙarfe nawa za ta dawo. Za a tambaye ta wannan, kuma wadda ta ce "sai na tambayo" ta riga ta ba ta bayanta dama. Mu iyaye mata kuma mu riƙa barin 'ya'yanmu suna magana a gabanmu. Yarinyar da kullum ake ce wa "yi mana shiru" ba za ta tashi rana ɗaya ta yi bayani gaban mutum biyar ba.

Daga ƙarshe ina da roƙo ga shugabanni. A taronmu na wata-wata, bayan an gama karɓar zubi, a ware rabin awa. Duk wadda aka kira intabiyu, ko ita ko ɗanta ko 'yarta, ta zo ta tsaya gabanmu ta gabatar da kanta, mutum uku su yi mata tambayoyi, malamarmu ta duba takardun. Ba zai ci mana ko kwabo ba. Wadda ta iya tsayawa gaban matan ƙungiyar nan, da irin bakinmu, ai ba kwamitin da zai razana ta.

Rabo na Allah ne, amma shiri namu ne. Allah Ya ba 'ya'yanmu abin yi na halal, Ya sa albarka a sana'o'inmu, Ya jiƙan waɗanda muka fara tafiyar nan tare da suka riga mu gidan gaskiya.