Dukiyar Da Ke Jiran Gobe: Jawabin Sakataren Gidauniya a Taron Shekara

 

Gidauniyar zakka ba ta ɗorewa sai dukiyar masu fitar da zakka ta ɗore. Shi ya sa jawabina na bana ya tsaya a kan yadda mutum zai gina jarin da zai amfane shi shekara goma ko ashirin masu zuwa.

Kuɗin da aka jibge ba a juya shi, abu biyu ne ke cin sa. Na farko zakka ce, wadda take wajibi: biyu da rabi cikin ɗari duk shekara, muddin dukiya ta kai nisabi, wato kimanin giram 85 na zinare. Wanda ya ajiye naira miliyan 100 bai taɓa ta ba, bayan shekara goma zai tarar da ƙasa da miliyan 78. Wannan ne dalilin da ya sa Sayyidina Umar ya umarci masu riƙon marayu su riƙa juya dukiyarsu. Na biyu shi ne tsadar kayayyaki. A 2015 dala ɗaya ba ta kai naira 200 a farashin gwamnati ba. A 2024 ta haura 1,500, hauhawar farashi kuma ta wuce kashi 30 cikin 100. Zakka ana samun lada a kanta, amma wannan asara ce tsagwaronta.

To, ina mafita? Da farko, a ware abin da zai riƙe gida na wasu watanni, domin kada lalura ta tilasta wa mutum karyar da kadararsa. Abin da ya rage a rarraba shi: wani kaso a fili ko gidan haya, wani a zinare, wani a kiwo ko kasuwancin amintacce bisa yarjejeniya rubutacciya, wani kuma a hannun jarin kamfanonin da sana'arsu halal ce. Ƙofofin da babu riba a cikinsu sun ƙaru: bankin Jaiz ya fara aiki a 2012, gwamnatin tarayya kuma ta fitar da sukuk ɗinta na farko a 2017, na naira biliyan 100, domin gina hanyoyi. Kowanne daga cikinsu yana iya faɗuwa. Hikimar ita ce da wuya su faɗi rana ɗaya.

Sannan a lizimci haƙuri. Ƙara kaɗan duk wata ya fi jiran babbar sa'a, domin sannu ba ta hana zuwa. Duk wanda ya yi alƙawarin ninka muku kuɗi cikin wata guda, ku tuna yadda MMM ta rufta da mutane a ƙarshen 2016, ku kuma bincika ko yana da rajista da hukumar SEC.

A rubuta komai, magada su san inda yake. A tsayar da rana guda a shekara domin lissafin zakka, a tuntuɓi malamai, tunda hukuncin mai saye da sayarwa kullum ya bambanta da na mai ajiye haja yana jiran kasuwa.

Kwamitocin masallatai, wannan nasiha ta haɗa da ku. Shago biyu na waƙafi da ke kawo haya duk shekara sun fi asusun da ke kwance yana zagwanyewa. Wanda Allah Ya buɗa wa, ya cire kadara guda ya mai da ita waƙafi, kamar yadda Sayyidina Umar ya yi da gonarsa ta Khaibar: asali yana nan, amfani yana gudana.

Allah Ya sanya albarka a dukiyoyinmu, Ya karɓi ayyukanmu.